Ramin haƙori da tiyar awon magani

Ranar Talata ta farko cikin hutun Disamba aka cire mini turmin ƙasa na gefen hagu. Shekara biyu ina lallashinsa: in ya motsa in tauna kanumfari, in ya kwanta in manta da shi in koma wa shayina. Wannan karon dai ya ƙi lallashi. Kwana uku ban runtsa ba, har ta kai ina yi wa ƴan ajina na CM2 dikte hannu a kunci, yara na ta satar kallona. Likitan ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da ƙarfensa, ya ce, "Malam, wannan ba sauran abin ceto." Ya yi allura, muka jira har leɓena ya yi nauyi kamar na wani, ya kama, na ji ƙara cikin kunne kamar ana tuge rogo, shi ke nan. Minti 20 duka-duka. Na fito da auduga a baki ina ce wa kaina, ashe abin da na shekara biyu ina gudu ke nan.

Tsohon ɗalibina ne ya maido ni gida. Na koyar da shi a CM1 shekaru goma sha da suka wuce, yanzu kabu-kabu yake yi. Da muka iso ƙofar gida ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce, "Mushe, me suka rubuta muku?" Na miƙa masa ordonans, tunda bakin magana babu. Ya karanta (karatun da na koya masa dai bai ɓace ba), ya yi dariya. "Ibuprofen da parasetamol? Ai wannan maganin yara ne, Mushe. Ku bari allurar ta sake ku, za ku gani. Ga wannan, rabi kaɗai za ku sha." Ya zaro ƙwaya guda cikin ledarta, an buga 225 a bayanta. Tramol. Na girgiza kai, ya cusa mini a aljihu, ya tada moto ya tafi. Na ajiye ta saman kanta, bayan rediyo, inda yara ba su kai.

Maganarsa ta farko gaskiya ce. Wajen magariba allura ta sake ni, na gani. Malamin makaranta kuwa in barci ya ƙi shi, ga waya, ga ɗan forfe, karatu zai yi. Na shiga neman tarihin abin da ke damuna, sai na tarar tarihi biyu ne. Akwai na zafin da ake ji lokacin da ƙarfe ke cikin baki, wannan an gama da shi tun kakanninmu na yara. Akwai na zafin da ke biyo mutum gida, wanda har yau ake ta kokawa da shi, kuma a cikinsa ne ƙwayar da ke bayan rediyona take da mazauni.

A ƙauyenmu, sa'ad da nake yaro, wanzami ne ke cire haƙori. Wanda ke aski, ya yi ƙaho, ya cire beli, ya yi kaciya, shi ne kuma mai ɗan awartaki cikin zabira. Inda ba wanzami, maƙeri ake wa magana. Na taɓa gani sau ɗaya: ƙato biyu sun danne kawuna, kansa a tsakanin gwiwoyin wanzami, mu yara an kore mu amma muna leƙe ta dangar kara. Abin da aka yi imani da shi shi ne tsutsa ce ke cin haƙori. Kada mu ji kunyar wannan, don ba mu kaɗai muka faɗa ba. An tono allunan yumɓu a ƙasar Iraƙi ta yanzu, na ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da labarin tsutsar haƙori, Turawa ma sun riƙe zancen har cikin ƙarni na 18.

Bayan an cire, sai tsofaffi mata su karɓi aiki. Ruwan ɗumi da gishiri, wani lokaci da ƴar kanwa. Garin bagaruwa in jini ya ƙi tsayawa. Kanumfari don zogi. Kanumfarin nan ba ya tsira a ƙasarmu, sunansa ma daga Larabci muka aro shi, ƙaranful. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, daga baya a farkon ƙarni na 19 aka dasa shi a Zanzibar da Pemba. Ya riƙa iso mu a bayan raƙuma, cikin kayan ƙamshin da ayari ke kawowa ta hanyar Tarabulus, Gat, Agadas, Damagaram, zuwa Kano. Ku duba nisan tafiyar da ɗan tsinken nan ya yi kafin ya shiga kogon haƙorin kakata. Mai da ke cikinsa, wanda masana ke kira ejenol, yana kashe jin jijiya na ɗan lokaci, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Ku riƙe sunansa, za mu sake gamuwa da shi.

Wanda ya fara burge ni cikin karatun shi ne Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013. Littafinsa at-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshen a kan fiɗa, da zanen kayan aiki kusan 200. Da ya zo kan haƙori, sai ya fara da cewa a yi duk dabarar da za a iya kafin a cire, don in ya tafi ba mai maye gurbinsa. Ya ce a tabbata wanne ne mai ciwon, domin zafi na ruɗin mai shi ya nuna lafiyayye, a cire, ciwo na nan. Ya ce a raba dasashi da haƙorin tukuna, a girgiza shi sannu-sannu har ya yi sako-sako, sannan a ja a miƙe. Ya yi faɗa ƙwarai da masu ƙahon zamaninsa da ke fizga da gaggawa su karya haƙori su bar saiwa, ko su ɓallo ƙashin muƙamuƙi. Bayan cirewa ya yi umurni da kurkure baki da gishiri cikin binegar, in jini ya ƙi tsayawa a cusa wani gari mai ɗaure nama, in ya faskara a yi lalas. Shekara dubu ke nan. Wanzamin ƙauyenmu bai taɓa jin sunansa ba, amma kai tsakanin gwiwoyi da gishiri bayan aiki duk suna cikin littafin. An juya kashin fiɗar zuwa Latin a Toledo cikin ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyo da shi.

Koyon bai hana su aika-aika ba. A Ekol Normal an karantar da mu Louis na 14, sarkin Faransa da ya yi shekara 72 kan gado, da fadarsa ta Versailles, amma ba wanda ya gaya mana labarin bakinsa. A 1685, garin cire masa haƙoran sama na gefen hagu, aka ɓallo wani yanki na ƙashin, ya zama in ya sha ruwa sai ya ɓullo ta hanci. Ramin ya yi ruwa yana wari. Maganin da aka samo wa sarki mafi arziki a Turai shi ne jan ƙarfe daga wuta, sau 14 a zama guda, idonsa biyu. Likitocinsa da kansu suka rubuta wannan a littafin da suke ajiye labarin lafiyarsa. Bayan shekara 43, a 1728, Pierre Fauchard ya fitar da littafin da ake ɗauka shi ne mafarin likitancin haƙori na zamani. Ya yi shakkar zancen tsutsa, ya ɗora laifi a kan sukari, ga mu nan masu shayi tun a lokacin an kama mu. Shi ɗin dai kuma ya ba da shawarar mutum ya riƙa kurkure baki da fitsarinsa safe da dare. In ana yi wa wanzami dariya, a riƙa tunawa da wannan.

Zafin kan kujera a Amurka aka fara karya shi, kuma da haƙori aka fara. Ranar 10 ga Disamba 1844, a garin Hartford, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells ya je kallon wasa inda ake shaƙa wa mutane wata iska da ke sa su dariya da tangaɗi. Ya lura wani da ya shaƙa ya bugi benci ya ji rauni a ƙafa bai ko sani ba. Washegari Wells ya zauna kan kujerarsa ta aiki, ya shaƙi iskar, abokinsa John Riggs ya cire masa turmi, bai ji komai ba. A watan Janairun 1845 ya tafi Boston ya nuna wa ɗaliban likita. Wanda aka kawo a cire wa haƙori ya yi kara, ɗalibai suka yi wa Wells ihu, ya koma gida da kunya. Tsohon abokin aikinsa William Morton shi ya ci ribar. Ranar 30 ga Satumba 1846 ya shaƙa wa wani Eben Frost eter ya cire masa haƙori, ranar 16 ga Oktoba kuma ya sa wani barci a babban asibitin Boston aka yanke masa ƙari a wuya. Kafin shekara ta ƙare labari ya ƙetare teku zuwa Ingila. Duk matar da aka yi wa sezariyen a Yamai ko Maraɗi ba ta ji wuƙa ba, da sanin wannan turmi na Wells a ciki. Shi kam bai more ba. Ya kamu da shaƙar kuloroform, ya kashe kansa a kurkukun New York a 1848, yana da shekara 33.

Allurar da aka yi mini ni, tarihinta ya fara a 1884, ƙarshen zamanin Sarkin Damagaram Tanimun. Wani matashin likitan ido a Viyana, Karl Koller, ya gano ɗigon koken na kashe jin ido. Cikin ƴan watanni William Halsted da Richard Hall a New York suka nuna cewa in aka zuba shi kusa da jijiyar da ke shiga ƙashin muƙamuƙi, can bayan turmi na ƙarshe, rabin haɓa gaba ɗaya sai ya mutu. Daidai wurin aka soka mini. A jikinsu suka riƙa gwaji, su biyun duk suka kamu. Halsted ya zama ɗaya daga cikin manyan likitocin fiɗa na Amurka, amma da aka so raba shi da koken sai aka haɗa shi da morfin, da shi ya zauna har mutuwarsa a 1922. Sai a 1905 aka samu novokayin na Bajamushe Alfred Einhorn, wanda ba ya kama mutum, sannan lidokayin da Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, ya shiga kasuwa a 1948. Shi ne har gobe cikin ƴan kwalaben likitocin haƙori. Awa biyu zuwa uku yake yi, ya sallame ka.

Daga nan tarihi na biyu ke farawa, kuma ga wani abu da ya sa na tashi zaune. A watan Agustan 1897, a ɗakin binciken kamfanin Bayer a Jamus, wani mai haɗa magunguna, Felix Hoffmann, ya haɗa abu biyu kwana 11 tsakani. Na ranar 10 ga wata shi ya zama aspirin, wanda aka fara sayarwa a 1899, shekarar da Faransawa suka ci Zinder. Na ranar 21 ga wata shi ya zama heroyin. Shi aka fara kaiwa kasuwa, a 1898, da sunan maganin tari, ana cewa ba ya kama mutum kamar morfin. Mutum ɗaya, tebur ɗaya, wata ɗaya. Wanda aka fi yaba wa ƙarfi shi kamfanin ya daina yi a 1913, bayan ya gama ɓarna. Wells da kuloroform, Halsted da koken, Bayer da heroyin: kowane da zuwansa an ce ga mai ƙarfi kuma marar illa.

Aspirin ma ba abokin ramin haƙori ba ne. Yana hana jini daskarewa har na kwanaki, ramin kuwa da daskararren jini yake rayuwa. Masu ɗora ƙwayarsa a kan dasashi kuma ƙona naman kawai suke yi.

Zancen daskararren jinin nan a jikina na koye shi. Likitan ya ja mini kunne: in cije audugar rabin awa, kada in kurkure baki ranar farko, kada in yi ta tofi, kada in tsotsi komai, ban da abu mai zafi, ban da taba. Daga washegari in riƙa jiƙa wurin da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, a hankali. Kwana biyun farko na bi. Alwala ma na tsallake kurkurar baki, tunda a mazhabarmu sunna ce, alwala ba ta ɓaci don an bar ta. Ƙwayoyin biyu da yaron ya rena sun riƙe ni, na sha kunu da ya huce, na yi barci. Rana ta uku sai na ji ni garau. Na fita fada, aka miƙo kofin farko mai ɗaci yana tururi, na zuƙe shi da ƙara yadda muka saba. Na sayi ruwan leda na tsotse. Da na koma gida na ji kamar abinci ya maƙale, na kurkure da ƙarfi, har na sa tsinke. Wani baƙin abu ya faɗo, na ce alhamdu lillahi datti ya fita.

Rufin ramin ne na cire da hannuna. Jinin da ya daskare cikin gurbin haƙori shi ke rufe ƙashi da bakin jijiya, a cikinsa kuma sabon nama ke sheƙa. Dasashi na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe, ƙashi kuwa watanni. In gudan jinin ya fita da wuri, ƙashi ya zauna tsirara, iska da yawu da abinci na taɓa shi. Wani likitan Amurka mai suna Crawford ya sa wa abin suna a 1896, busasshen rami. A cirewar yau da kullum ba ya wuce mutum 5 cikin 100, amma ya fi yawa ƙwarai a turamen ƙasa na can ƙurya, da kuma masu shan taba. Alamarsa ita ce ciwo ya yi sauƙi sannan ya dawo a rana ta uku ko ta huɗu, ya fi na farko, ya hau kunne da gefen kai, baki na wari. Ga hunturu, kowace shaƙar iska kamar an zura tsinke.

Daren Juma'a, wajen ƙarfe biyu, na tashi na ɗauko ƙwayar daga bayan rediyo. Ba zan ɓoye muku ba. Na zauna da ita a tafin hannu, uwargida na barci, na ce bari dai in duba ko gaskiyar yaron ce, ko lalle ta fi nawa ƙarfi. Nan na ci karo da abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Ashe duniya da ramin haƙori take awon maganin ciwo, kamar yadda muke awon hatsi da tiya. Zafi ba shi da sikeli, kowa da nasa. In ana son a san ko wata ƙwaya na aiki, sai an samu mutane da yawa masu ciwo iri ɗaya, da ya fara lokaci ɗaya, kuma ba su da wata cuta da za ta rikita lissafi. A 1976 wasu masana biyu na jami'ar Georgetown a Washington, Stephen Cooper da William Beaver, suka nuna cewa samari da ƴanmatan da aka cire wa turmin ƙurya su ne daidai wannan. Lafiyayyu ne, rauninsu kusan ɗaya, an san sa'ar da allura za ta sake su. Sai a ba wasu maganin, wasu a ba su ƙwayar da ba komai cikinta, ba wanda ya san me ya sha, a riƙa tambayarsu awa-awa. Tun daga lokacin, da wuya a samu sabon maganin ciwo da bai bi ta wannan tiya ba.

Ga abin da tiyar ta auna. A 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwaje, ta haɗa na mutum sama da 1600 da aka cire wa turmi. Cikin waɗanda aka ba ibuprofen da parasetamol tare, kamar 7 cikin 10 zafinsu ya ragu da rabi ko fiye na tsawon awa 6. Masu ibuprofen shi kaɗai, kamar 5 cikin 10. Masu ƙwayar banza, ko 1 cikin 10 ba su kai ba. Tramadol mai 100 kuwa, a gwaje-gwajen ciwon bayan aiki da aka tattara a Oxford, wajen 3 cikin 10 ya tsaya, ga jiri da tashin zuciya. Dalilin ba boyayye ba ne. Zafin ramin haƙori na kumburi ne: naman da aka yaga yana fitar da wasu sinadarai da ke tsokanar jijiya, ibuprofen kuwa a nan bakin raunin yake hana a yi su. John Vane na Ingila ya gano wannan hanya a 1971, ya samu kyautar Nobel a 1982. Shi ya sa ake cewa a sha tun allura ba ta gama saki ba, kafin wuta ta kama. Tramol can cikin ƙwaƙwalwa yake aikinsa, ya sa ka daina damuwa, kumburin na nan inda yake. Abin da yaron ke kira ƙarfi, juyin da yake ji a kai ne.

Su magungunan biyu ba su da labari mai daɗin ji, shi ya sa ake rena su. Parasetamol an haɗa shi tun ƙarni na 19, aka watsar da shi sama da shekara 50, sai cikin shekarun 1950 ya shiga kasuwa sosai. Ibuprofen kuwa Stewart Adams da John Nicholson suka samo shi a Nottingham a 1961, aka fara rubuta wa marasa lafiya a 1969. Kuma suna da nasu sharaɗi, kada wani ya ce malam ya ce. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, ba su shan ibuprofen sai da izinin likita, kuma ba a shansa ciki wayam. Parasetamol in ya wuce ƙima hanta yake ci, a ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa kamar tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tramadol kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fitar da shi a 1977, kuma shi ma da zuwansa an ce dangin morfin ne mai sauƙin hali. Yana da wurinsa a hannun likita. Na asibiti 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tashoshinmu da tiren masu tallar magani 200 ne, 225, 250, akasarinsa daga Indiya ta ɓarauniyar hanya, kuma in ya yi yawa yana kada mutum ya yi ta jijjiga kamar mai farfaɗiya. In kuna son ku san iyakar inda ya kai a yankinmu, ga labari. A 2013 wasu masu bincike na Faransa suka ba da sanarwar sun samu tramadol cikin saiwar tafashiya a Kamaru, duniya ta ɗauka Allah ya halicci itacen da ke yin maganin da kansa. A 2014 wasu na Dortmund suka bi sawu, suka tarar a arewa mai nisa kawai ake samunsa, inda manoma ke sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure rana. Ta fitsarin mutane da na dabbobi ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙe.

Amurka ma ta ɗanɗana, kuma ta bakin haƙori. Shekaru da yawa likitocin haƙorinsu na rubuta wa matasa dangin morfin bayan cire turmi. Wani bincike na jami'ar Stanford da ya fito a ƙarshen 2018 ya bi ƴan shekara 16 zuwa 25: cikin waɗanda aka ba irin wannan, kusan 6 cikin 100 an same su da matsalar shaye-shayensa kafin shekara ta zagayo, waɗanda ba a ba ba kuwa 4 cikin 1000. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa dangin ibuprofen, su kaɗai ko tare da parasetamol, su ne na farko. Wato abin da aka rubuta mini a ordonans ɗin da aka yi wa dariya a ƙofar gidana.

Na mayar da ƙwayar. Ba jarumta ba ce, lissafi ne ya ƙi fita. Amma ban yi barci ba, don gaskiya ita ce busasshen rami ba ya jin ƙwaya sosai, kowace iri ce. Da safe na koma. Likitan ya leƙa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, shayi ko tsinke?" Na ce duka biyu. Ya tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya na yi mini wuya, ya ce da akwai ɗaya cikinsu da ba a jira safiya ba, don wannan yana iya toshe numfashi. Babu ko ɗaya. Ya wanke ramin da ruwan gishiri cikin sirinji, ya ɗauko wani abu ruwan ƙasa kamar zaren taba daga ƴar kwalba ya cusa. Kafin ya rufe kwalbar hancina ya gane shi. Na ce, likita, wannan ai kanumfari ne. Ya ce mansa ne, da ɗan maganin kashe zafi. Ban kai bakin titi ba zogin ya fara janyewa, na isa gida na yi barci har la'asar. Sau biyu na koma aka canja.

Ranar da aka koma lakwal, yaron ne ya sake ɗaukata. A hanya na zaro ƙwayarsa na ce, "Ɗana, ga ajiyarka, amma ba zan ba ka ba, masai za ta." Ya yi dariya, ya ce wallahi Mushe kuna da taurin rai. Na tambaye shi yaushe ya fara. Ya yi shiru har muka wuce kasuwa, sannan ya ce shekara huɗu ke nan, wani dare haƙori ya hana shi barci, ba shi da kuɗin likita, wani a tasha ya ba shi rabi. Yanzu biyu yake sha kafin ya fito aiki, in bai sha ba jikinsa ciwo yake kamar an yi masa duka. Na ce haƙorin fa? Ya tsaya a ƙofar makaranta, ya buɗe baki ya nuna mini da yatsa. Yana nan, baƙi ƙirin, rabinsa ya ɓalle. Na ce ranar Laraba da yamma ba ni da aji, ya zo ya ɗauke ni, kuɗin cirewa a wuyana, kuma in an gama akwai wata magana da za mu yi da likitan, ni da shi. Ya ce to, Mushe. Aka buga ƙararrawa, na shiga.